Shanun Inna da Farashin Cikin Waya

Akwai wani hutu da na yi a gida Tanut wanda na san ko tsufa na yi ba zai fita daga raina ba. Lokacin ina karatun lissafin kasuwanci a Damagaram. Ni ba mai magana ba ce tun ina ƙarama. A aji ko na san amsa sai in sunkuyar da kai, a gida kuwa in baƙi sun zo sai in shige ɗaki da littafina. Amma a wannan hutu ne aka sa ni na buɗe baki gaban kawuna, a kan shanun da su ne abincinmu, su ne karatuna.

Tun da mahaifina ya rasu, abin da Inna ta dogara da shi shi ne ƴan shanun da ta gada daga ubanta. Suna cikin garken yayanta, wato Kawu, can dajin Belbeji. Kawu dillalin dabbobi ne da kowa ya sani a kasuwar Tanut, kuma Inna ba ta taɓa musa masa magana ba. In ana son kuɗin makaranta, shi yake zaɓar ɗan maraƙi ya sayar ya kawo.

A hutun ne babban ɗansa, taubashina, ya dawo daga kurmi, can ƙasashen kudu, inda yake sayar da wayoyi. Ya zo da sabon labari. Wai akwai wani ƙaramin kamfani a can mai yin manhaja ta waya, wadda masu shaguna suke lissafa kayansu da ita. Kamfanin yana sayar da hannun jari a kasuwar da ake cinikin irinsa, kowa yana iya saye ya zama yana da rabo a ciki. Shi ya saya, ga shi kuwa a wayarsa wani koren layi yana ta hawa kamar hanyar tudu. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya nuna masa.

Ba a jima ba Kawu ya shigo gidanmu ya ce ya yanke shawara. Zai sayar da bajimansa ya zuba, kuma zai haɗa da shanun Inna, don kada arziki ya wuce ƙanwarsa. Inna ta murza bakin zanenta, sannan ta ce, "Yaya, a bar yarinyar nan ta duba mana, tunda abin da take karantawa ke nan."

Taubashina ya tuntsire da dariya ya miƙo mini wayar. "Ungo, baiwata. Ki duba a hankali, kada ki goge min arzikina da yatsa."

Na zauna gindin bishiyar bedi a tsakar gida na karanta rahoton kamfanin, da Faransanci yake, layi bayan layi. Da na tarar ƙarya ce da abin ya zo mini da sauƙi. To ba ƙarya ba ce. Kamfani ne na gaske, kuma cinikinsa yana ƙaruwa kowace shekara. Sai dai abin da yake kashewa ya fi abin da yake samu, bai taɓa raba riba ba, kuma mafi yawan hannun jarin yana wajen waɗanda suka kafa shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali wani ɗan wuri ne can ƙasa, inda ake nuna yawan abin da aka yi ciniki kowace rana. Ranaku da yawa ba a sayi ko ɗaya ba. Wani lokaci mutum guda zai sayi kaɗan da tsada, sai layin ya hau, ya zauna a nan ba mai taɓa shi.

Bayan la'asar aka kira ni zaure. Na durƙusa. Na faɗi abin da na gani, muryata tana rawa. Na ce tsorona shi ne ranar da za a so sayarwa a rasa mai saye.

Kawu ya dube ni kamar na yi masa wani yare. "Ɗiyata, abin nan a kasuwa yake ko ba a kasuwa ba?"

"A kasuwa yake, Kawu."

"To wace kasuwa ce ake kai kaya a rasa mai saye? Ni ko akuya mai tari na ja zuwa kasuwar nan, kafin rana ta faɗi na kwance igiyata na dawo. In an ƙi ta da tsada a karɓe ta da araha, amma a ce babu kowa? Haba!"

Sai daga baya na gane cewa Kawu ba gardama yake yi ba. Duk rayuwarsa bai taɓa ganin kasuwa ba mutane ba. A wajensa in an faɗi farashi, to akwai wanda ya taya, yana tsaye, hannunsa cikin aljihu.

Taubashina ya ce, "Baba, ka bar ta. Wannan ko ruwa za ta sha sai ta karanta randar."

Aka yi dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai muka ji muryar Inna daga bayan ƙofa, a hankali: "Yaya, a bar min nawa tukuna." Kawu ya tashi ya sa takalmansa, ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya fita. Ya sayar da bajimansa ya zuba shi kaɗai, kuma daga ranar ya daina shigowa gidanmu.

Na koma makaranta da wannan nauyi. Layin kuwa ya ci gaba da hawa. Taubashina ba ya gajiya da turo mini hotonsa, ya rubuta, "Baiwata, gaida mai ilimi." Malami yana bayani a aji, ni ina can ina tunanin na raba Inna da yayanta, na kuma hana ta samu. Na sake karanta rahoton nan ban san sau nawa ba, ina neman inda na yi kuskure. Abinci ya daina shiga. In na kira Inna sai ta ce, "Ke dai ki yi karatunki," amma ina jin yadda muryarta take sauka in na tambayi Kawu.

Daminar shekarar ba ta yi kyau a yankinmu na Damargu ba. Ciyawa ta ƙare da wuri, kafin bazara ta kai tsakiya shanu sun fara kwanciya sai an ɗaga su da itace. Dusa ta yi tsada. Kawu ya kira ɗansa ya ce a sayar da hannun jarin nan yau, a turo kuɗin. Yaron ya saka a kasuwa a farashin da waya take nunawa, aka jira, ba wanda ya taya. Ya rage, wani ya sayi ɗan kaɗan, sai layin ya gangaro saboda wannan cinikin nasa. Ya sake ragewa, shiru. Can daji kuwa makiyayi yana aiko da saƙo cewa wata saniya ta faɗi, wata ba ta tashi ba.

Ina gida lokacin, na zo ganin Inna. Da hantsi muka ji sallamarsa. Ya rame, rawaninsa duk ƙura. Inna ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo ruwa kamar jiya ya bar gidan. Bai roƙi komai ba, ita ce ta riga shi. "Yaya, ka ɗauki masu ƙarfi cikin nawa ka kai kasuwa, a sayi dusa. Garke ɗaya ne, ba zan ci da nawa in bar naka su mutu ba."

Kawu ya zaro wayar da ɗansa ya bar masa, ya miƙo mini da hannu biyu. "Ɗiyata, duba min. Yau an zo kasuwar?"

Na duba. Ban ji daɗin komai ba, kuka ne ma ya taso mini. Na ce, "Ba a zo ba, Kawu."

Shanun Inna aka sayar da arahar bazara, da kuɗinsu aka ciyar da sauran har ruwa ya sauka. Mun yi asara, Kawu ya fi mu, amma garken bai ƙare ba, karatuna ma bai tsaya ba. Kamfanin yana nan har yanzu yana aikinsa, rabon Kawu ma yana nan, yana kiransa saniyarsa ta cikin waya wadda ba ta ci ba ta haihuwa. Taubashina bai daina tsokanata ba, sai dai yanzu in zai sayi wani abu yakan turo mini ya ce baiwarsa ta karanta randar.

Ban ɗauka na fi Kawu sanin duniya ba, kuma da damina ta yi kyau wataƙila da har yau ana yi mini dariya. Abin da na koya shi ne, farashin da aka rubuta ba dukiya ba ne sai ranar da wani ya miƙo hannu ya biya. Na kuma koyi cewa in na duba abu da kyau na ga haɗari, dole in faɗa ko muryata tana rawa, domin da na yi shiru a zauren nan, da ranar da Kawu ya zo da hantsi Inna ba ta da abin da za ta ce a kai kasuwa.