Ɗakin Ƙafar Inna

Ni mutum ne da ba ya son kiran mai gyara. Ba rowa ba ce, ko da yake matata tana da nata ra'ayin a kan wannan. Abin da ke ci mini rai shi ne mutum ya shigo gidana da sifana, ya murɗa abin da ni ma zan iya murɗawa, sannan ya miƙo hannu. Tun da muka tare a gidanmu na Badariya ni nake canja robar famfo, ni nake lanƙwasa sandar ƙwallon nan na cikin tankin masai idan ruwa ya ƙi tsayawa. Da mariƙin sakin ruwa ya karye, wayar keke na sa na ɗaure shi. Har yau yana aiki, sai dai baƙo yana buƙatar ɗan bayani kafin ya shiga.

Ana nan sai Inna, mahaifiyata, ta zame a kunyar shinkafa can Gulma, gwiwarta ta dama ta tashi daga aiki. Aka yi ɗori, aka je asibiti a Argungu, ƙafa ta warke amma ta ƙi lanƙwasuwa. Likita ya ce tsuguno ya ƙare mata. A gidanta kuwa babu komai sai salga, kuma tun rasuwar mahaifinmu ita kaɗai take zaune. Sai da dangi suka taru a kanta kafin ta yarda ta zo wurina, shi ma wai don ta gwada ne. Na san idan ta koma, ta koma ke nan, kuma wata rana za a same ta a bakin ramin nan ta kasa tashi.

Ni ne ɗanta na fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Ina zaune a gabanta za ta dubi bango ta ce, "A ce ma mai gidanga shi rage hwankan nan." Haka muka taso, ban taɓa jin abin ya dame ni ba.

Ban-ɗakinmu dogo ne siriri, masan kuma yana kallon bangon kudu, kusa ƙwarai, har ni mai lafiya gwiwata tana gaisawa da tayil. Mai miƙaƙƙiyar ƙafa ba ta da wurin sa ta. Na kai kuka wurin maƙwabcina, wani ɗan kasuwa daga kudancin ƙasar nan mai sayar da kayan famfo, wanda ya daɗe a Birnin Kebbi har Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya leƙa, ya ce, "Malam, mi am matsala? Juya shi kawai shi dubi tsawon ɗaki." Ya sayar mini da lanƙwasasshen bututu da farin siminti, ya ce zai turo mini mai ɗaurawa. Na ce Allah ya kiyaye.

Ba zan ɓoye ba, aikin ya ba ni kashi. Na ɗauka simintin gindin masai abin ɓanɓarewa ne da cokali, ashe wanda ya gina gidan ya yi shi ne don jikokinsa. Da na ɗaga shi kuwa, abin da ya taso daga bututun ya sa matata ta kwashe yara suka tafi gaisuwar da ba a shirya ba. Na toshe bakin da tsohuwar rigata, na ci gaba. Da komai ya bushe, na shiga da safe na zauna, na miƙe ƙafa ɗaya kamar Inna. Wuri har da saura. Ga hasken rana yana shigowa ta 'yar tagar sama yana sauka a fuskata. Na kira matata ta zo ta ga aikin da ake biyan mutane a kansa.

Ranar da aka kawo Inna, matata ta raka ta har ƙofar ban-ɗakin. Ta dubi masan, ta ɗaga kai ta dubi tagar, ta ce, "To." Na ɗauki wannan "to" ɗin a matsayin lambar yabo.

Daga nan abubuwa suka fara tafiya a karkace. Inna da ke iya tashi da kwanon tuwon shinkafa, sai ta taɓa ta ture. Fura sai kurɓi ɗaya. Na sa aka kawo mata busasshen kifi daga Argungu, irin wanda take so, ta ce a ajiye wa yara. Gwiwar da aka kawo ta dominta kuwa sai kumbura take yi. Ran nan ta dubi bango ta ce, "A ce ma mai gidanga gida za ni. Tsuntsaye na cin shinkahwa." Gonar nan ta bar wa ƙanenta tun ranar da ta faɗi. Ta ƙulle kayanta a zane, ta ajiye a bakin gado.

Raina ya ɓaci, kuma na ji zafi. Na ce wa matata mutum ya fasa siminti da hannunsa, ya shaƙi abin da na shaƙa, a saka masa da tsuntsaye?

Ta ce, "Malam, in ka zamna bisa abin nan naka, mi kaka kallo?"

Na ce, "Taga."

"Rana hwa, ta ina taka hitowa?"

Sai a lokacin na gane. Alƙibla na sa tsohuwa ta fuskanta. Ni da nake auna tsawon ƙafa, ban tuna da gabas ba. Maƙwabcina kuwa ɗan coci ne, ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba.

Amma ni ba na faɗuwa da wuri. Na je na tambayi limamin unguwa, ya ce a cikin gini babu laifi, a fili ne aka hana. Na dawo da fatawata da zafinta, na tsaya a ƙofar ɗakin Inna na ba matata ta miƙa. Inna ta saurara har ƙarshe, ta dubi bango. "A ce mai, liman shi zo shi zamna. Ni ban yi da ƙurciya ba, ba ni hwarawa da tsuhwa."

A kicin matata ta gaya mini sauran. Tun ranar farko a karkace Inna take zama, ta ba gabas kafaɗa, ta cusa ƙafar nan mai ciwo a jikin bango. Da azabar ta yi yawa sai ta rage ci da sha don kada ta riƙa shiga. Ba za ta iya yi wa ɗan fari zancen bayan gida ba, ba ta kuma son a ce aikina bai yi ba. Na tsaya riƙe da murfin tukunya, tausayinta ya cika ni har na rasa inda zan ajiye shi.

Na roƙa, ta bakin matata, a ɗan jinkirta tafiyar. Muka sake tsayawa ni da maƙwabcina a ban-ɗakin. Gabas ba hali, yamma ma ba hali, kudu da arewa babu wuri. Ya sosa kai ya ce, "To in ƙahwa ba ta samu wuri ba, a gina mata nata." Na yi dariya, sai na ga bai yi ba.

Na sake fasa simintin da na zuba, wanda ya nuna mini cewa ni ma don jikoki na yi shi. Na mayar da masan yana kallon kudu kamar da. Matata ta auna ƙafar Inna da ɗankwali, da sunan shafa mata magani, ta kawo mini da ƙulli a inda diddige ya tsaya. Na huda bangon daga ƙasa daidai wannan awon, na kewaye ramin da bulo ta waje, na yi masa rufi, na shafe. A kwanakin Inna gidan maƙwabcin take zuwa, bayan ta sa matarsa ta nuna mata inda rana take fito musu.

Da aka gama, ta shiga da sandarta da butarta. Ni ina tsakar gida ina wanke guduma wadda ba ta buƙatar wanki. Ta fito, ta wuce ni, ta ce wa matata, "Ina kihin nan? A ɗuma man." Da yamma na ga zanen da ta ƙulle kaya a shanye a igiya.

Ba ta sake zancen tsuntsaye ba, a gidan ta zauna har Allah ya karɓi abarsa. Wata rana dangi daga Gulma suka ga ƙullutun ginin nan a jikin bango, suka tambaya ko akurkin kaji ne. Ina daga ɗaki na ji ta ce, "Wancan yay yi shi, da hannunai. Bai kira kowa ba." A rayuwata ban ji ta yabe ni da abin da ya kai wannan ba.

Yanzu matata takan ce a toshe ramin, kyankyasai sun mai da shi gida. Simintin yana nan, hannuna ma lafiya lau. Wani lokaci idan na shiga nakan gwada miƙa ƙafata ciki, amma tun gwiwata ba ta miƙe ba tafin yake cin karo da ƙarshen ginin. Ashe Inna 'yar ƙarama ce haka, ban taɓa lura ba.