Kawu da Tayin Gabashin Afirka

Jiya na ji ƙanshin shayi mai citta a kasuwar Samaru, sai na tuna Kawu, yayan mahaifiyata, tsohon malamin tarihi.

Da gidansa na Muchia ya fara yoyo, 'ya'yansa suka gina masa sabo a Dogarawa, amma ya ƙi komawa. Ni aka aika in lallashe shi. Na tarar da shi a gindin mangwaro yana hura shayi.

Ya ce, "Zauna, 'yata. Kin san saura ƙiris Yahudawa su zama maƙwabtanmu? Da tsangwama ta ishe su a Turai, suka fara fafutukar samun ƙasa tasu, Ingila ta yi musu tayin fili a Gabashin Afirka. Suka sha gardama, daga baya suka ce ƙasar kakanninsu suke so."

Na ce, "Kawu, ai a ƙasar kakannin nasu akwai mutane a zaune. Har yau rigimar ba ta ƙare ba."

"Gaskiyarki, abin tausayi ne. To ni ma gidana nake so, kuma wa zan tasa in na zauna? Kwano kawai za ku canja mini!" Ya yi ta dariya har shayin ya zube masa a riga.

Kwanon muka canja, kuma a gidan ya cika. Allah ya jiƙansa, ya ba shi masaukin da ya fi Muchia daɗi.