Teburin Mata a Ƙofar Marusa

Shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, ina koyarwa a wata firamare kusa da Ƙofar Marusa, ko shekara ban cika da fara aiki ba. Shugabar makarantarmu Kirista ce, mutuniyar Filato. A bakinta na fara jin akwai ranar mata ta duniya, takwas ga Maris. Ta ce mata ma'aikata ne a ƙasashen Turawa suka faro ta tun da daɗewa, suna neman a rage musu awoyin aiki, a kuma bar su su yi zaɓe.

"Ku ma bana za ku jefa ƙuri'a, Malama," in ji ta. "Na ba da sunanki. Ke za ki zauna a teburin mata ranar zaɓe, a nan makarantarmu."

Na kasa ce mata a'a. A unguwarmu ban taɓa ganin matar aure ta fita don zaɓe ba. Mahaifina bai hana ni ba. Cewa kawai ya yi kada in yi gardama da kowa.

Zaɓen ya faɗo cikin damina. An yi ruwa da safe, harabar makarantar duk taɓo. Layin maza ya kai har bakin titi, gabana kuwa ba kowa. Na jera takardu, na sake jerawa. Wasu dattawa suna magana ƙasa-ƙasa, na ɗauka da ni suke. Abin da nake tsoro shi ne in babu wadda ta zo, gobe a ce ɗiyar Malam ta wuni zaune cikin maza.

Da hantsi sai ga gwaggona, yayar mahaifina, mai tuyar ƙuli-ƙuli, tare da maƙwabtanta uku.

"Ke, ina ne ake dangwalawar?"

"Nan ne, Gwaggo. Sannu da zuwa."

Na buɗe rajista, na bi sunaye har ƙarshe, ban ga nata ba. Na sake bi. Maza sun fara juyowa. In na mayar da ita gida, na san sauran ukun ma bin ta za su yi.

"Bi a hankali, ɗiyata," in ji ta. "Ba sauri nike ba."

Ashe da sunan marigayi mijinta aka haɗa nata, can a shafin baya. Ta shiga ta dangwala, ta fito tana goge yatsa da bakin zane.

"Wannan baƙin zai fita kuwa? Tuya gare ni da la'asar."

Bayan azahar mata suka riƙa zuwa bibbiyu, wasu da goyo. Ba su yi kusa da yawan maza ba, amma ban samu zama ba har aka rufe akwati. Sai da nake tattara takardu jami'in zaɓe ya gaya mini Asabar mai zuwa akwai wani zaɓen, kuma a wata rumfar za a ajiye ni, wajen Ƙofar Sauri, inda ban san kowa ba.