Shekarar da Na Gyara Lungun Gidanmu

Kakana ne ya jawo lungun, kuma da kyakkyawar niyya. Lokacin da ake ta kafa gidaje a cikin ganuwar Sakkwato, ya ja katangar gidanmu ta bi hanyar unguwa yadda ta karkace. Da ya zo gina ɗakin karatunsa kuwa, sai ya ce shi alƙibla zai bi. Katanga ta nufi wani wuri, ɗaki ya nufi wani, suka bar fili a tsakani: taku uku a baki, yana tsukewa har inda kaza in ta shiga sai ta fito da baya-baya. A can ƙurya akwai rariya a gindin katanga. Babu abin da ke zama a lungun sai fasassun tukwane, da tafasa, da kwaɗi idan damina ta yi.

Haka wurin ya zauna shekara da shekaru ba wanda ya damu, sai da na je Kano.

Na bi ayarin fatake da jajayen fatu, na yi wata huɗu, na dawo na fi kowa sanin yadda ake zaman gida. A gidan wani Balarabe ɗan kasuwa na ga lungu irin namu, an cike shi, an yi dakali, an dasa rumman. Sau ɗaya na shiga gidan, da rani, ban kuma daɗe ba. Wannan ya ishe ni ilimi.

Na kai wa Baba shawarar mu ma mu cike namu lungun, na same shi a zaure, inda yake zama da abokan karatunsa bayan la'asar. Duka suka yaba. Ɗaya ya ce lungu matattarar aljannu ne. Wani ya ce rumman yana gyara ciki. Babu ɗayansu da ya taɓa wuce zaure ya ga wurin, amma hakan bai rage musu tabbaci ba. Baba kansa, in hadari ya taso, zaure yake zama har a ɗauke ruwa a share tsakar gida, saboda haka a saninsa ruwan sama a gidanmu sauka yake yi ya ɓace don ladabi.

Jakuna suka yi kwana shida suna kawo ƙasa daga kududdufin bayan unguwa. Na toshe rariyar da hannuna, don na yanke hukunci cewa ƙofar ɓeraye ce. A rana ta uku Inna, mahaifiyata, ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon masu zuba ƙasa.

"Ruwan ga, ina za shi bi?" in ji ta.

"Wane ruwa, Inna?"

"Wanda ka sauka daga sama. Ko Kano ba a yin shi?"

Na yi mata bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda bai yi tafiya ba, cewa ƙasa za ta shanye. Ba ta yi musu ba. Ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta zuba a tsakar gida. Muka tsaya muna kallonsa. Ya nufi lungu kamar yadda ya saba, ya tarar da tudu, ya yi ɗan tunani, ya juya ya je ya kwanta a gindin bangon ɗakinta.

Ɗakin nan tsoho ne. A cikinsa aka kawo ta, a cikinsa ta haife mu, kuma gindin bangon ya riga ya fara zaizayewa. Ginin ƙasa yana jure ruwan da ya wuce. Wanda ya kwana a gindinsa shi ke kayar da shi. Damina ɗaya ta isa. Na san wannan sarai, kowane yaro a garin ya sani. Amma na ce mata ƙwarya daban, ruwan sama daban. Ta kai maganar wurin Baba, ya ce malamai sun riga sun duba.

Aka gama dakali, na dasa rumman ɗina, na kewaye shi da ƙaya saboda jar akuyarmu. Sai na ga tsohon daɓen tsakar gida bai dace da sabon wurin ba, na ce a sake shi. Daɓe aikin mata ne, namiji ba ya sa hannu. Na zaci Inna za ta ƙi. Ta ce, "To, Alhamdu lillahi, gobe ma." Da ina da hankali da saurin amsar nan ya tsorata ni.

Matan unguwa suka taru da madaɓansu. Aka baza tsakuwa, aka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, suka jera a durƙushe suna bugu suna waƙa. Na lura Inna ba ta bugu. Tana yawo da ƙwaryarta, ta zuba ruwa, ta bi shi da ido, ta ce, "Ku ƙara ƙasa nan. Ku rage can." Matan su yi dariya su ƙara, su rage. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce wa Baba ga shi har Inna ta fara koyon aiki da tsari.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauko wata rana bayan la'asar, zaure cike da malamai, littattafai a buɗe. Ina tsaye a ƙofar ɗakina. Indararo huɗu suka zubo a tsakar gida. Ruwan ya haɗu wuri ɗaya, ya kauce wa ɗakin Inna kamar an yi masa kashedi, ya miƙe ta shigifa, ya shiga zaure. Gidan ƙofa biyu gare shi da ruwa zai fita. Ni na toshe ɗaya.

Da na isa zaure, malamai biyar suna tsaye ruwa iya idon sawu, kowa ya ɗaga littafinsa sama da kai. Buzun Baba ya riga su fita. Takalman baƙi suna bin sa ɗaya bayan ɗaya zuwa hanya, kuma mai maganar aljannu yana kiran a tare masa nasa na hagu.

Baba ya shigo cikin gida a jiƙe, karo na farko da na gan shi a tsakar gida ana ruwa. Inna na zaune a bakin ƙofarta tana kaɗi, ƙafarta a bushe.

"Ke! Mi ag ga haka?"

"Ruwa na, Malam."

"Na san ruwa na! Mi ya kai shi zaure?"

"Ni ma na tambaya ina za shi bi, aka ce malamai sun duba. Sai na aika musu shi su ƙara dubawa."

Washegari aka ba ni fartanya. Ƙasar da jakuna suka shigo da ita a kwana shida, ni na fitar da ita a kwando cikin kwana goma sha ɗaya, ba jaki. Na buɗe rariya. Rumman bai ga wannan ba, akuya ta riga ta gama da shi tun ranar da ruwa ya tafi da ƙayar.

Sai dai buɗe rariya bai juya daɓe ba. Gangaren yana nan yana kallon zaure. Baba ya ce a kira mata su gyara. Inna ta ce ba a daɓe da damina, ba ya kamawa, kuma gaskiya ta faɗa. Haka malaman nan suka yi wata uku suna karatu ido ɗaya a takarda, ɗaya a gabas. Kafin kaka ta yi, babu wanda ya kai su sanin hadari a unguwar.

Da rani ya shigo Inna ta tara matan suka mayar da gangaren wajen lungu. Kwaɗi suka dawo. Ɗakinta bai faɗi ba, a cikinsa ta ƙare kwanakinta. Na sake zuwa Kano sau uku bayan haka, kuma duk dawowa takan tare ni a bakin shigifa, ta karɓi tsaraba, ta tambaye ni ko na gano wani abin da za a gyara.