Likitan da ba ya yanka

Shekarun baya, tun muna cikin jihar Sakkwato, ina koyarwa a wata firamare a Argungu, na samu ciki na biyu. Wata mace murna za ta yi. Ni ranar da na tabbatar, bayan aji na zagaya na zauna ni kaɗai, domin ban manta yadda na farko ya ƙare ba.

Na farkon gida aka mai da ni, Gulma, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Na yi ta naƙuda ina cije leɓe don kar a ce ba ni da dauriya, sai da na daina gane mutane sannan aka nemo mota zuwa Birnin Kebbi. Aiki aka yi mini. Ni na tashi, yaron bai zo da rai ba. Likitan da ya yi aikin, wani Ba'indiye, ya ja mini kunne kafin a sallame ni: in na sake samun ciki in nemi likitan mata tun da wuri, kar in yarda naƙuda ta same ni a gida. To ga ciki ya zo, shi kuma an ce ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu.

Mahaifiyata ba ta taɓa yafe wa wannan wuƙa ba. A lokacin, macen da aka yi wa aiki kallon raguwa ake yi mata, kuma ta sha jin ana nuna ni da baki a gidan biki. Ni ma, in faɗi gaskiya, tsoron ɗakin tiyatar nan ya fi ƙarfina. Ko warin maganin asibiti na ji sai in sauya hanya.

Wata ranar kasuwa mahaifiyata ta iso Argungu da fara'arta, ko mayafi ba ta aje ba ta fara. "Ɗiyata, Allah ya kawo muna sauƙi. An samu likitan mata Birni, can wajen Gwadangaji, asibitinai na kainai. Ba shi yanka mutane. Matar kawunki ta Ambursa can tah haihu, allura guda yay yi mata sai ga ɗa."

Muka je. Gida ne aka mayar asibiti, tsaf da shi, ga fanka, ga farin labule. Mutumin ya fito da farar riga da abin awon ƙirji a wuya, ya durƙusa ya gaida mahaifiyata yana ce mata Inna. Na ba shi labarina ina share hawaye. Ya girgiza kai cikin tausayi ya ce baƙin likitocin nan gaggawa ta yi musu yawa, da wurinsa aka kawo ni da yanzu yaron na gudu a tsakar gida. Ya ce in naƙuda ta fara in taho, zai ɗaura mini ruwa da allura, in haihu da kaina kamar kowace mace. Wallahi ranar kamar an sauke mini dutse daga ka. A mota ina ta yi wa mahaifiyata surutu, har gyaɗa na saya mana.

Maigidana ma'aikaci ne a ofishin gona. A zamanin ba mu san wani abu inshorar lafiya ba. Abin da ke akwai shi ne, in ka kai iyalinka asibitin da ba na gwamnati ba, ofis kan duba ya taimaka, amma sai an tabbatar likitan na da rajista. Da ya kai maganar, aka ce ya fara gano inda likitan ya yi karatu. Ya dawo gida yana susar ƙeya.

"Ni in tsare mutum cikin asibitinai in ce ina kay yi karatu? Da wane ido? Bari dai, mu biya da kanmu."

Na yarda, amma tambayar ta ƙi barina. Ina tsakiyar koyar da lissafi sai ta faɗo mini. Sai kuma na tuna wani abu da murna ta rufe mini ido a kansa: mutumin nan bai ce in nuna masa wurin aikin ba. Ya auna jinina, ya saurari cikin ta saman zane, amma tabon da ya kai ni wurinsa ko tambayar tsawonsa bai yi ba. Daga nan abinci ya daina shiga.

Ranar da muka koma awo da mahaifiyata na ɗaura niyyar tambaya. Ni da yara ke ɓoyewa in sun hango ni da bulala, sai ga ni ina kame-kame kamar 'yar aji ɗaya. Na ce, "Likita, don Allah kar ka ji haushi. Ofishin maigidana ka tambaya. Wai a ina kay yi karatu?"

Ya yi dariya, ya juya wurin mahaifiyata. "Inna, Malama jarrabawa taz zo yi min."

Mahaifiyata ta mintsine ni a cinya, ta ce, "Yi haƙuri likita, boko na ya ɓata ta."

Ya ce ba komai, ya yi karatu wurare da dama, kuma ya daɗe a ɗakin tiyata, babu abin da bai gani ba. Na jira ya ambaci gari ɗaya, bai ambata ba. Na ce to in tabon ya buɗe ana cikin naƙuda, ko jini ya ɓalle, a nan za a yi aikin? Ya dafa tebur, har yanzu yana murmushi, ya ce, "Haba Malama, ki riƙa kyautata ma Allah zato."  Na ja mayafina muka fito.

A tasha mahaifiyata ta wanke ni tas. "Kin kunyata ni gaban mutumin kirki. Wuƙa kika so? To ki tai a sake yanka ki." Ta hau motar Gulma ba ta waiwaye ni ba.

Na bincika, aka ce akwai likitan mata da ke zuwa asibitin gwamnati na Birnin Kebbi daga Sakkwato wasu ranaku. Na bi layi tun hantsi har azahar. Mutum ne mara yawan magana, ko murmushi bai yi mini ba. Tunda na riga na zubar da kunya sau ɗaya, na yi masa tambayar. Bai ko ɗago kai ba ya ce Zariya, sannan Ibadan, in kuma ina son lambar rajistarsa in karɓa a ofishin asibiti. Sai ya ce in kwanta ya ga tabon. Ya daɗe yana dannawa yana tambayata ko da zafi. Da ya gama ya faɗi abin da na gudo wa: aiki za a sake, kuma kafin naƙuda ta fara. Ya ce in dawo Birni da zama, maigidana ya nemo masu ba da jini.

Na tare gidan gwaggona. Damina ce, hanya duk ruwa, ni kuma ko yaron ya motsa da ƙarfi sai in dafe ciki in ce shi ke nan, tabon ya yage. Wani lokacin in ce anya ban yi wauta ba? Ga wanda ya yi mini alkawarin haihuwa lafiya na bari, na kawo kaina wurin wuƙa da ƙafata. Mahaifiyata kuwa ko saƙo ba ta aiko ba.

Ranar da likita ya sa, da safe aka shiga da ni. Ana tura gadon na hango ta a bakin baranda, zanenta duk laka, ashe jirgin ruwa ta biyo ta fadama don motoci sun maƙale. Ta matso ta kama babban yatsan ƙafata ta riƙe har ƙofa.

Na farfaɗo na tarar da 'ya mace a gefena, tana ta tsala kuka. Maigidana ne ya ba ni labarin sauran. Likita ya fito ya ce musu da ya buɗe, tsohon tabon ya yi siriri kamar ɓawon albasa, har gashin kan jaririyar yana gani ta cikinsa. Da na yi naƙuda mai ƙarfi, balle a ƙara mata allura, da mahaifar ta fashe, da wuya a samu ko ɗayanmu. Mahaifiyata ta sa a sake faɗa mata, ta zauna a ƙasa inda take. Da ta shigo ta dube ni ta ce, "Ni da na kai ki wurin mutumin nan da hannuna." Ba mu sake ta da maganar ba har ta bar duniya.

Shi wancan mutumin, daga baya an rufe wurin. Wasu suka ce a da mai miƙa kayan aiki ne a ɗakin tiyata, wasu suka ce likita ne na gaske, gari kawai ya sauya. Ban taɓa sanin gaskiyar ba, ba kuma zan ɗauki alhakinsa ba.

Mutane kan ce na yi hankali da na yi tambaya. Ni ba haka nake gani ba, shi ya sa har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Ranar nan ba don in kama shi na tambaya ba, so nake ya ba ni amsa in samu in zauna wurinsa. Na matsu in yarda da shi. Da ya buɗe baki ya ce mini Zariya, ko ƙarya ce, da na yi masa godiya na koma Argungu ina jiran naƙuda.