Juma'ar da Aka Jira Ni

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina aikin katako a ƙasar waje, a unguwar Akébé, a wata rumfar kwano bayan layin masu walda, inda ruwan sama ke shigo mana ta ƙasa tun kafin ya shigo ta sama. Mu bakwai ne. Muna yin ƙofofi da gadaje da kabad da katakon okume da motoci ke kawowa ta hanyar Ntoum. Babu ɗayanmu da bai bar wa injin yanka wani abu na jikinsa ba, ko da fatar yatsa ce. In ka yanke, maganinmu sananne ne: a zuba fetur, a naɗe da tsumma, a ce maka sannu. In abin ya yi yawa, a tare tasi a jefa ka ciki, sai asibiti.

Wata shekara maigidanmu, wani Bakano mai yawan sauri, ya samu kwangilar ƙofofin wani gini a Alibandeng. Masu ginin suka ce ba za su sa hannu ba sai sun ga akwatin magani a wurin aikinmu, da takardar shaidar cewa akwai wanda ya koyi taimakon gaggawa. Maigida ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kaina, don ni ne na yi lakkwal, wato makarantar boko, a Maradi har aji shida, Faransancina yana iya shiga ofis ya fito. Bai tambaye ni ko ina so ba. Cewa ya yi in nemi riga mai kyau.

Kwana uku na yi a wani ɗaki mai sanyin na'ura, ina danna ƙirjin mutum-mutumin roba. Malamarmu wata 'yar ƙasa ce mai haƙuri. Ta koya mana a danne rauni da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama, kada a zuba fetur ko baƙin mai. In jini ya ƙi tsayawa har ta kai ga ɗauri, a riƙe lokacin da aka ɗaure. In yatsa ya fita, a naɗe shi a sa a leda, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. Sama da komai, a garzaya asibiti. Ranar ƙarshe ta ce kowa ya koma ya koya wa abokan aikinsa, don ba kullum zai kasance a wurin ba. Na gyaɗa kai, hankalina yana kan cunkoson da ke jirana a hanya.

Maigida ya sa takardar a gilashi ya rataye sama da tebur. Daga ranar sunana ya koma Likita. Da tsokana aka fara, sannan ya zauna. Mai ciwon kai ya zo, wanda matarsa ke ciwon baya ya zo, ni kuma, ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi. Mutum ya shekara ashirin ana kiransa ya miƙo guduma, yau ana neman shawararsa.

Akwatin kuwa bai yi sati biyu ba ya zama kango. Farasitamol ya tafi gidaje, filasta ta koma alamar awo a jikin katako, almakashin na same shi ana yanka samfefa da shi. Na fusata, na sayo kwaɗo na garƙame, makullin ya shiga cikin makullaina. Ana nan kuma ƙanen maigida, wanda ke aiki tare da mu, ya yanke a tafin hannu, kafin in fito daga bayi an riga an tuttula masa fetur. Na tsaya tsakiyar rumfa na yi ta faɗa, na ce daga yau duk wanda ya ji ciwo kada kowa ya taɓa shi, kada a kai shi ko'ina, sai na zo na gani. A cikin duk abin da matar nan ta koya mini, iyakar darasin da na ba su ke nan, shi ma ba nata ba ne.

Na yi niyyar koya musu. Maigida ya ce a bari a gama ƙofofin. Aka gama, kabad suka shigo, azumi ya zo ya wuce. Ni ma in an tashi aiki ba abin da nake so sai in ga katifata. Mutum ɗaya ne ya riƙa tuna mini, wanda muke kira Dattijo saboda dattijo ne a cocinsu. Mutumin kudancin Kaduna ne, Hausarsa ta fi tawa tsabta, shi ke riƙe da babban injin, kuma duk wata ƙofa da muka yi alfahari da ita daga hannunsa ta fito. 'Ya'yansa huɗu suna karatu a gida, da hannun nan na dama yake riƙe da su.

"Likita, yaushe za ka nuna mana abin nan?"

"Litinin, Dattijo."

"Ta bana ko ta baɗi?"

Sai mu yi dariya, ya kunna injinsa.

Muna da wani tsari da muka daɗe a kansa. Ranar Juma'a mu Musulmi biyar mu tafi masallaci, mu bar wa Dattijo wurin shi da mai fentinmu, wani Ibo magidanci. Ranar Lahadi su tafi coci, mu mu riƙe. Ba a taɓa rufe rumfa ba, kuma kowa yana yaba mana wannan zaman. Ba wanda ya lissafa cewa duk Juma'a Likita da makullinsa suna masallaci, injin kuma yana gudu. Ni da ya kamata in lissafa ban yi ba.

Ranar Juma'ar da abin ya faru, na kashe waya kamar kullum. Bayan an sallame na haɗu da wani da ya sauka daga gida, na tsaya jin wa ya mutu, wa ya haihu. Na biya na sayi gasasshen nama. Sai wajen ƙarfe uku na shigo layinmu, kuma tun daga nesa na lura ba na jin ƙarar inji.

Dattijo yana zaune a ƙasa, ya jingina da tarin katako, fuskarsa ta yi fari fat. An naɗe hannunsa na dama da rigar mai fenti, an ɗaure wuyan hannun tamau da robar taya. Garin katakon da ke gabansa ya jiƙe ya yi baƙi. Akwatin yana rataye da kwaɗonsa.

"Likita, mun jira ka," in ji mai fenti da guntuwar Hausarsa. "Na ce mu shiga tasi. Ya ce a'a, ka ce kada a kai mutum ko'ina. Jini ya yi yawa, na ɗaure. Yi haƙuri, na taɓa shi."

"Tun yaushe?"

"Kuna fita kaɗan."

Na duba agogo, kusan awa biyu. Ban buɗe akwatin ba ma, babu abin da ke cikinsa da zai yi amfani a lokacin. Muka tsinci yatsu biyu cikin garin katako, na sa su a leda yadda aka koya mini, muka tare tasi. Hanya ta cushe da masu dawowa daga masallaci. Na riƙe hannunsa sama, ina zagin direba, ina zagin kowa. Dattijo ya dubi farar rigata ya ce, "Na ɓata maka kayan Juma'a."

A asibiti likitan gaske ya tambaye ni ƙarfe nawa aka ɗaure robar. Na faɗa masa. Ya tambayi abin da ya hana a kawo shi tun lokacin. Na ce ni ake jira. Ya ɗan dube ni, ya shige ciki. Yatsun biyu ba su koma ba, babban yatsan ma daga baya aka cire shi.

Litinin da ta biyo baya na fasa kwaɗon da guduma, na tara su na nuna musu duk abin da na sani. Rabin awa ya ɗauke mu, har da tambayoyi. Wata tara ina ɗaga rabin awar nan. Har yau in na tuna, wata gajiya ce ke sauko mini wadda barci ba ya kawar da ita.

Bayan wata biyu Dattijo ya dawo. Maigida bai sallame shi ba, ya ba shi goge katako da duba aikin wasu, amma kowa ya san ba ɗaya ba ne, shi ma ya sani. Babbar 'yarsa ta bar makaranta a shekarar. Na so ya zage ni ko sau ɗaya, ko ya daina kula ni, in samu abin riƙewa. Bai taɓa tayar da maganar ba, kuma bai daina kirana Likita ba.

Shekara uku muka ƙara tare kafin ya koma gida. Kowace safiya in ya shigo yakan bi mu ɗaya bayan ɗaya ya gaisa, kamar yadda ya saba. In ya zo kaina sai ya ɓoye hannun daman a bayansa, ya miƙo mini ɗayan, ya ce, "Likita, yi haƙuri da hagu."