Labulen Iya Falmata

Abin da idona ya fara sauka a kai da muka shiga gidanmu na Birni ranar Juma'ar da ta wuce shi ne ƙofar ɗakin Iya Falmata. Babu labule. Ƙusoshin da ake rataye shi suna nan sun yi tsatsa, da guntun igiya a jikin ɗaya. Shekara biyar ke nan da rasuwarta, kuma sadakarta ce ta kawo mu daga Takieta, ni da babana.

Iya Falmata kakata ce, mahaifiyar babana. Iyayenta daga Borno suka zo, ita kuwa a Damagaram aka haife ta, a nan ta tsufa. 'Ya'ya biyu suka rayu mata, duka maza: babana Malam Musa, wanda yake koyarwa a lakwal, makarantar boko, da ƙanensa Baffa Sanusi, mai shagon takalma a kasuwa, wanda yake sarin kaya a wurin Kanawa. Babana ɗan fari ne, don haka ba ta kiran sunansa. Babba take ce masa, Baffa kuma Auta. Sunanta aka sa mini, shi ya sa su biyun ba sa iya kirana da shi. Yagana suke ce mini, wato ƙaramar uwa.

Shekara huɗu babana da Baffa ba sa magana. Kowa yakan yi tasa sadakar daban, ɗaya a Takieta, ɗaya a Birni. Bana ne limamin unguwa ya aika musu cewa ya gaji da yi wa mace ɗaya rabin addu'a, ko su zo tare ko su nemi wani. Babana ya yarda, amma a cikin mota, muna dab da shiga gari, ya ce mini ba tare da ya dube ni ba, "Ki kalli gidan da kyau, Yagana. Daga yau na gama da shi." Na juya ina kallon taga. Ni dama ba mai magana ba ce, har a makarantarmu ta lise malamai sukan manta ina cikin aji.

Labulen da nake magana a kai, duk wanda ya taɓa shiga gidanmu ya san shi. Lokacin zaɓe matan parti sukan bi gida gida suna rabon atamfa mai hoton ɗan takara. Iya ba ta taɓa mayar da ko ɗaya ba, ba ta kuma taɓa ɗaura ko ɗaya ba. Takan ce ba za ta zauna a kan fuskar ɗan mutane ba. Abin da take yi shi ne ta jiƙa atamfar, ta wanke, ta shanya, ta sake wankewa, sannan ta ɗaga ta a rana tana dubawa. Da haka take auna manyan ƙasar nan. Ba ta karatu, ba ta riƙe sunayensu ba, sai ta raɗa musu nata: Mai Gilashi, Mai Kumatu, Dogon Wuya, Mai Wushirya. "Dogon Wuya ba shi da amana," in ji ta, "tun wankin farko ya zuba, ya ɓata mini ruwa." Mai Wushirya kuwa takan ce yana da kyan hali amma sharara ne, ana ganin rana ta cikinsa.

Bayan ta gama hukunci sai ta yanka su ƙyalle ƙyalle ta haɗa da allura. Kowane zaɓe ta ƙara wani a kan wani, har labulen ya yi kauri kamar bargo. Ta cikin ɗaki ta yi masa shafi da farin yadi don kada fuskokin su dube ta tana salla. Ta waje kuwa duk suna fuskantar tsakar gida. Ta ce su kalli yadda muke rayuwa, tun da ba za su zo da ƙafarsu ba.

Babana na Mai Gilashi ne tun yana saurayi. Baffa na Mai Kumatu ne. Ina tuna wata rana da Baffa ya dawo daga kasuwa ya tsaya yana kallon labulen, ya karkata kai.

"Haba Iya, ai kin kife mini ɗan takara. Kansa ƙasa, ga shi can inda kyanwa take goga jiki."

"Da ya aiko turmi cikakke da na tsayar da shi," in ji Iya. "Rabin zane ya aiko. Inda ya shiga nan na sa shi."

Babana ya yi dariya har da buga ƙafa. Iya ta bari ya gama, sannan ta ce, "Kai kuma Babba, naka yana daidai inda yara suke goge miya. Je ka sunsuna shi."

Ba wanda ya san wanda take zaɓa. Ranar zaɓe kowannensu yakan kawo babur zai kai ta, ita kuwa ta ɗauki mayafinta ta bi lungunan Birni a ƙafa, tana tsayawa gaisuwa a kowane zaure. In ta dawo da tawada a yatsa suka matsa mata, sai ta ce ta zaɓi wanda lasifikarsa ba ta tashe ta daga barcin rana ba.

Abubuwan da take so ba su da yawa. Rabin goro a cikin jiƙaƙƙen ƙyalle. Kunun gyaɗa mai ɗan tsami. Turaren wuta bayan magariba, wanda take haɗawa da kanta irin na mutanen Borno, har labulen ya sha ƙamshinsa. Da la'asar takan zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu, ta zuba musu ruwan randa, ta lumshe ido. Ni nakan zauna a gefenta ina ƙare wa kunnuwan mutanen labule kallo, ba ta taɓa tambayata me ya sa ba na magana ba. Ita kaɗai ce ba ta taɓa tambayata ba.

Sau ɗaya a shekara, kafin azumi, ake wanke labulen. Iya ce take cuɗa shi a babban daro, amma in ya sha ruwa ba mai iya ɗaga shi shi kaɗai. Da yake ba ta da 'ya mace, tun suna yara ta saba wa 'ya'yanta matsa, kuma da suka girma suka yi gemu ba ta sallame su ba. Sai ta ƙwala kira, "Babba! Auta!" Kowa ya kama baki ɗaya, wannan ya murɗa nan, wancan ya murɗa can, suna gardamar siyasa, ruwa yana zuba a ƙafafunsu. Baffa yana da agogon hannu da yake ji da shi. Kafin ya taɓa ruwa sai ya cire ya miƙo mini, ya ce, "Yagana, riƙe mini, kada ki bari Babba ya gani, zai ce Mai Kumatu ne ya saya mini." Nakan riƙe shi da hannu biyu ina jin ɗuminsa.

Shekara ɗaya bayan rasuwarta aka sake shiga zaɓe. Baffa ya mayar da ɗakin Iya wurin taron 'yan partinsu, aka jibge fastoci a kan gadonta, aka kafa lasifika a kan soro. Muka zo hutu muka tarar da haka. Babana ya kwashe fastocin ya watsar a tsakar gida. Ina tsaye a bayan randa da buta a hannu. Baffa ya ce dama babana ya daɗe yana raina shi don bai yi lakwal ba. Babana ya ce da Iya tana da rai da ba a yi wannan ƙazanta a ɗakinta ba. Baffa ya ce wanda yake zuwa gida sai da hutu ba shi ne zai gaya masa abin da Iya take so ba. Iyakar abin ke nan. Na sha juya maganganun nan a raina, ban samu wadda ta kai shekara huɗu ba.

Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne, ba a daɗe ba aka nuno Mai Gilashi da Mai Kumatu a talabijin sun rungumi juna, suna dariya, an ce sun haɗa kai. Babana ya tashi ya kashe talabijin ɗin. Yanzu ma ba a jin ɗuriyar ko ɗayansu. Su da aka yi faɗa a kansu sun daɗe da shiryawa, ba su ma san akwai wani Musa da wani Sanusi a Birni ba.

Nakan tambayi kaina me Iya za ta ce game da wannan zamani. Yanzu ba a rabon atamfa. Manya a cikin waya suke zuwa, a turo muryar wani yana yabo, a turo ta wani yana zagi, gobe a turo wata. Samari suna zaune a fada, majalisarsu ta bakin titi, shayi yana hucewa, kowa ya sunkuya a kan tasa wayar. A ajinmu ma 'yan mata sukan tare ni su ce, "Ke ta wa ce?" In na yi shiru su ce tsoro nake ji. Ba tsoro ba ne, ban san da me zan auna ba. Iya tana da sabulu da daro da rana. Ina jin da ta ga wayar da ta juya ta gaba da baya, ta ce a ba ta abin da za ta iya jiƙawa.

Ranar Juma'ar an yi sadaka lafiya. Liman ya karanta addu'a, babana yana wannan gefen tabarma, Baffa yana wancan, kowa ya shafa fatiha bai dubi ɗan'uwansa ba. Da aka watse na samu matar Baffa, Tanti Hadiza, a madafa, na tambaye ta labulen a hankali.

"Baffanki ne ya cire," in ji ta. "Ya ce zamanin nan ba a son ganin fuskokin nan a fili. Duba ɗakin ajiya."

Can na same shi, an lulluɓe buhunan gero da shi. Tanti ta ce geron rabon babana ne na gonarmu ta garin Dogo. Duk kaka Baffa yakan ware shi, ba ya aikawa, ba ya ci, ba ya bari a taɓa, har ƙwari sun cinye na ƙasa. Ban sani ba ko kulawa ce ko taurin kai. Wataƙila shi ma bai sani ba.

Na janyo labulen. Ɓera ya ci kunnen Dogon Wuya. Sauran duk sun koɗe, har da waɗanda Iya ta yaba, sai ka matso sosai kafin ka gane wane ne wane. Abin da bai canja ba shi ne ɗinkinta, ƙanana ƙanana, a jere, ko ɗaya bai warware ba. Da na sa hanci ta wajen farin shafin, can ƙasan warin gero, na ji ɗan turarenta. Ina ganin abin da ya rage mana na Iya ke nan: ba ta bar mana ra'ayi a kan kowa ba, ɗinkin ta bari.

Na ja daro zuwa bakin famfo. Na daɗe ina cuɗawa, ruwan yana fita baƙi, ina canjawa. Da na gama na yi ƙoƙarin ɗaga shi, ya rinjaye ni, zanena ya jiƙe. Na dubi Tanti Hadiza. Ta ci gaba da kankare tukunyarta, ta ce da ƙarfi yadda za a ji har zaure, "Kada ki dube ni. Tun da aka kawo ni gidan nan ban ga mace ta matse labulen nan ba."

Babana ya leƙo daga zaure da jakarsa a kafaɗa. "Yagana, me kike yi haka? Motar Takieta ba za ta jira mu ba."

 Na laluba cikin ruwan na kamo baki ɗaya na miƙa masa. Ina jin hannunsa ne ya karɓa kafin ya yi tunani. Ya tsaya riƙe da shi, ruwa yana ɗiga a kan takalminsa, yana kallon bango.

Baffa yana zaune a ƙarƙashin dogon yaro, ya ba mu gefe, kamar yana sauraron rediyo. Shekara huɗu ban ce masa komai ba sai gaisuwa. Tsakar gidan nan ba ta da faɗi, amma ban taɓa jin nisanta kamar ranar ba. Da na isa gabansa na durƙusa. Sai na lura rediyon a kashe yake, kuma yatsunsa suna kan maɗaurin agogonsa, ya riga ya zare shi daga rami ɗaya.

Na buɗe tafin hannuna biyu, a jiƙe, na miƙa masa.

"Baffa, kawo agogon in riƙe maka. Don Allah ka zo ka kama wancan bakin."